Daren da Kyamara ta Zauna a Kujerar 'Yan Kallo: Yadda Reslin ya Shiga Duniyar Fim

A watan Maris na 2020 kamfanin reslin na WWE ya faɗa cikin halin da bai taɓa shiga ba. An riga an tsara babban bikinsa na shekara, WrestleMania karo na 36, za a yi shi a filin wasa na Raymond James da ke Tampa a jihar Florida, an sayar da tikiti, sai annobar korona ta rufe Amurka. Shugaban kamfanin a lokacin, Vince McMahon, ya ƙi ɗage bikin. Aka kwashe komai zuwa ɗakin atisayen kamfanin da ke Orlando, aka ɗauki wasannin tun kafin ranar, aka nuna su a dare biyu, 4 da 5 ga Afrilu, babu ko mutum ɗaya a kan kujera.

Duk wanda ya kalli wasannin farko na daren nan ya san an yi rashi. Ɗan wasa zai hau igiya ya ɗaga hannu yana jiran ihu, ya ji shiru. A maka mutum da ƙasa, ba ka jin komai sai ƙarar katako da nishin mutum biyu. Sai ka ce an fito da 'yan kokawa ranar gasar takobi a Nijar, an hana makaɗa zuwa, an rufe wa jama'a ƙofa. Amma lamarin reslin ya ma fi haka tsanani. A kokawar gargajiya ko an kori kowa daga fage, wanda ya fi ƙarfi da dabara zai kayar da ɗan'uwansa, kuma kayen na gaske ne. A reslin an san wanda zai ci tun ba a fito ba. Kamfanin McMahon da kansa ya shaida wa majalisar dattawan jihar New Jersey a 1989 cewa sana'arsa nishaɗi ce ba gasa ba, don ya kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni. Faɗuwar ta gaske ce, karayar ma ta gaske ce, amma sakamakon a rubuce yake. Abu ɗaya ne ba a iya rubutawa: yadda jama'a za su karɓa. Su ne ke yanke hukuncin gaskiya guda ɗaya da ke cikin wannan sana'a, ga shi kuma babu su.

Sai aka zo wasan ƙarshe na daren farko. Maimakon dandamali da igiyoyi, sai ga maƙabarta cikin duhu. Motar ɗaukar gawa ta tsaya, aka fito da akwati, AJ Styles ya tashi daga ciki yana dariya. The Undertaker ya iso a kan babur, kiɗan Metallica na tashi, babu doguwar baƙar riga da malafar da aka san shi da su. Babu alƙali, babu masu sharhi, babu ƙararrawa. Akwai kiɗan da ke bin kowane naushi, akwai hasken da aka tsara, akwai kyamara da ke matsowa har gaban fuska ana jin abin da suke faɗa wa juna. Styles ya jefa dattijon cikin kabari ya hau tarakta zai rufe shi da ƙasa, sai ga shi tsaye a bayansa cikin haske. A ƙarshe Styles ne aka wurgo daga saman rumfa, shi aka binne, hannunsa ɗaya ya rage a waje. An kwana ana ɗaukar abin da bai kai rabin sa'a ba a talabijin, kuma jinin da aka gani a hannun Undertaker na gaske ne, gilashin motar ne ya yanke shi.

Sunan wasan Boneyard, kuma shi WWE ya ba kyautar wasan da ya fi kowanne a shekarar. Sai an san halin da mutumin yake ciki sannan a gane dalilin da ya sa ya shiga ran mutane haka. Mark Calaway, wato Undertaker, yana da shekara 55 a lokacin, jiki ya gaji, an sha yi masa tiyata. Wasansa da Roman Reigns a 2017 shi da bakinsa ya nuna bai ji daɗin yadda ya yi shi ba. Wanda ya yi da Goldberg a Jidda a watan Yunin 2019 kuwa, saura ƙiris ɗayansu ya karya wuya. Masoyansa sun fara kallonsa da fargaba maimakon jin daɗi. Kyamara da tace hoto suka ba shi abin da dandamali ya daina ba shi: ya huta tsakanin fitowa da fitowa, a sake ɗauka in an kuskure, a nuna fuskarsa da muryarsa, waɗanda shekaru suka ƙara musu kwarjini, a ɓoye gwiwoyin da suka ci amanarsa. Shi ne wasansa na ƙarshe. A watan Nuwamba na shekarar ya yi ban kwana a bikin Survivor Series, shekara 30 cif bayan fitowarsa ta farko a wannan bikin. A ganina wannan wasa rahama ce aka yi wa tsohon gwani, kuma ya cancance ta.

Mutane da yawa sun ɗauka korona ce ta haifi wannan salo, alhali ta tarar da shi ne da tsawon tarihinsa. A 1981, a birnin Memphis, Terry Funk ya ce jama'ar garin da alƙalansu duk 'yan bayan Jerry Lawler ne, don haka a haɗu a zauren da babu kowa. Aka haɗu, daga su sai mai sharhi Lance Russell da masu ɗaukar hoto, aka tashi Funk na riƙe da ido yana kururuwa. A watan Oktoban 1987 Antonio Inoki da Masa Saito suka tafi tsibirin Ganryujima na Japan, inda tarihin ƙasar ya ce mayaƙan takobi Miyamoto Musashi da Sasaki Kojiro suka kara a 1612, suka yi sama da sa'a biyu suna fafatawa har duhu ya shiga aka kunna wuta. A WrestleMania na 1996 Roddy Piper da Goldust sun fara faɗa a bayan wani ɗakin shirya fim, suka ɓuge da tseren mota, kamfanin ya cusa hotunan farar motar O.J. Simpson da 'yan sanda suka bi a 1994 kamar ta Piper ce. A Janairun 1999 kuma, lokacin hutun rabin lokaci na wasan Super Bowl, Mankind ya danne The Rock da motar ɗaga kaya a zauren da babu kowa ya karɓe kambu. A wannan wasan akwai wata 'yar fitowa da aka nuna fuskar Rock daga sama kamar kayan ne ke kallonsa. Babu mai ɗaukar hoton da zai iya tsayawa a wurin ana tsakiyar faɗa. Wannan daƙiƙa ɗaya ta tona cewa an tsaya an sake ɗauka.

Wanda ya fara ɗaukar lamarin da muhimmanci shi ne shirin Lucha Underground, da ya fara fita a tashar El Rey ta daraktan fim Robert Rodriguez a watan Oktoban 2014, ya yi zango huɗu zuwa 2018. Tushensa Meziko ne, ƙasar da ɗan kokawarta El Santo ya fito a finafinai sama da 50 yana yaƙar mayu da dodanni ba tare da ya cire abin rufe fuskarsa ba. An ɗauki shirin a wani tsohon sito a unguwar Boyle Heights ta Los Angeles. Mai gidan wasan a cikin labarin, Dario Cueto, ɗan fim ne aka ɗauko ba ɗan kokawa ba. Akwai ƙabilun Aztec bakwai, akwai mutumin da ke rikiɗa dodo, akwai ƙanin Cueto da aka kulle a keji. Hikimar masu shirin ita ce sun raba gida biyu. Abin da ke faruwa a ofis da lunguna fim ne zalla, 'yan wasa ba su san da kyamara ba, masu sharhi ma ba su san an yi ba. Amma da an zo kokawa, a gaban jama'a ake yi, masu ihu da buga ƙafa. Fim ya ɗauki labari, dandamali ya riƙe hukunci.

Matt Hardy ne ya rushe wannan katanga. A 2016 yana kamfanin TNA, wanda ke fama da ƙarancin kuɗi da na 'yan kallo. Ya fito da sabon hali: gashi da farin zane, magana da wani harshe da ba na kowace ƙasa ba, yana kiran ƙaninsa Jeff da suna Brother Nero, yana cewa sai ya shafe shi. Ran 5 ga Yuli aka nuna The Final Deletion, wanda aka ɗauka a gidansu da ke Cameron a jihar North Carolina, da 'yan mutane kaɗan, Jeremy Borash na cikin masu riƙe da aikin. Akwai jirgi maras matuƙi mai kai saƙo, akwai mai kula da lambu da aka sa ya shirya fagen yaƙi, akwai wa da ƙani suna harbin juna da tartsatsin wasan wuta, Matt na ɓuya a bayan ruɓaɓɓen kwalekwale. Wasu tsofaffin 'yan sana'ar suka ce an ci mutuncin reslin. Matasa kuwa suka yi ta yaɗa shi a intanet. Abin da ya tsirar da shi shi ne Hardy bai taɓa nuna yana wasa ba, ya riƙe haukan nan da gaske daga farko har ƙarshe, kuma ƙarƙashin shirmen akwai tsohon labarin da kowa ya sani, na wan da ya gaji da ganin an fi son ƙaninsa. Da 'yan'uwan suka koma WWE a WrestleMania na 2017, dubban mutane ne suka tarbe su da kirarin da aka ƙirƙira a bayan gidan nan.

WWE ya gwada kwaikwaya a watan Afrilun 2017, ya sha ƙasa. An kai Randy Orton da Bray Wyatt wani gida mai 'yan tsana rataye a rufi, aka danne Orton da firji. Mutanen da suka biya kuɗi suka cika zaure a San Jose sai suka koma kallon allo, ga shi a allon dare ne alhali a garin rana ba ta faɗi ba. Suka yi ta ihun rashin yarda. Darasin a fili yake: ba a tara jama'a a fage sannan a ce su zauna su kalli fim. Shi ya sa salon bai samu sarari ba sai da kujeru suka zama wayam. Borash kuma ya riga ya koma WWE tun 2018, yana cikin waɗanda suka yi aikin maƙabartar nan.

Amma gwaji na haƙiƙa a dare na biyu aka yi shi, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin wannan babi ya cancanci a rubuta shi. John Cena da Bray Wyatt, a wasan da aka kira Firefly Fun House. Kusan babu kokawa a ciki. Cena ya buɗe wata ƙofa ya shiga, sai ya tsinci kansa a cikin tarihin rayuwarsa, Wyatt na jan sa daga ɗaki zuwa ɗaki. Ga shi a 2002 da ɗan gajeren wando, ranar da ya fara fitowa ya tunkari Kurt Angle, yana kai naushi yana dukan iska. Ga shi a shirin talabijin irin na shekarun 1980 yana ɗaga ƙarfe har hannuwansa suka mutu, ana nuna masa irin jikin da kamfanin ke bauta wa. Ga shi da sarƙa a wuya lokacin da yake waƙar gambara, Wyatt na faɗa masa cewa da muzanta na ƙasa da shi ya yi suna. Can gefe ga 'yar tsana mai kamar Vince McMahon da ƙahonin shaiɗan tana yaba duk abin da aka yi.

Daga nan aka koma New Orleans, WrestleMania na 2014. A wancan wasan Wyatt ya durƙusa ya miƙa wa Cena kujerar ƙarfe ya ce ya buge shi, Cena ya ƙi, sannan ya ci wasan. Masu bin reslin da yawa na ganin ranar ce aka karya tashen Wyatt, lokacin da jama'a ke bayansa. A wannan karon Cena ya kai dukan, sai Wyatt ya ɓace. Sai kuma fitowar da ta fi kowacce nauyi: Cena sanye da baƙar rigar ƙungiyar nWo, yana tafiya irin ta Hulk Hogan bayan da ya juya wa masoyansa baya a 1996. Shekara da shekaru manyan 'yan kallo suna roƙon a mai da Cena mugu, kamfanin na ƙi saboda yara da cinikin riguna. Ya hau Wyatt da duka cikin fushi, da ya duba sai ya ga 'yar tsanar alade yake duka, wadda ke wakiltar Wyatt na farko, saurayi mai ƙiba da aka yi wa dariya da sunan Husky Harris. Sannan dodon da Wyatt ke rikiɗa zuwa gare shi ya bayyana, ya danne shi, Wyatt da kansa ya ƙirga uku, Cena ya ɓace daga hoton. Ba a sake ganinsa a WWE ba sai Yulin 2021.

Babu yadda za a yi wannan a dandamali. Dandamali na iya nuna wanda ya fi ƙarfi, wanda ya ci amana, wanda ya jure. Ba ya iya shiga cikin kan mutum ya nuna tsoronsa da nadamarsa, ba ya iya ajiye shekara 18 a cikin kwata ɗaya na sa'a. Kuma dole a yaba wa Cena, babban tauraron kamfanin na tsawon zamani, da ya yarda a tsayar da shi a gaban duniya a karanta masa duk laifin da masu sukarsa ke ɗora masa. Wanda bai san tarihin ba zai ga shirme ne kawai, wannan gaskiya ne, kuma aibi ne. Amma wanda ya sani ya ga sana'a tana yi wa kanta hisabi.

Daga nan aka buɗe ƙofa, kowa ya shigo. A watan Mayu WWE ya sa maza da mata su yi tsere daga ƙasan hedikwatarsa da ke Stamford zuwa kan rufi don ɗauko jaka, aka yi jifa da abinci, aka kutsa ofishin McMahon, aka wurgo Rey Mysterio daga sama. Asuka da Otis suka ci. Kamfanin AEW, na iyalan Khan masu kulob ɗin Fulham, ya yi nasa a filin ƙwallon Jacksonville da babu kowa, Adam Page na bin abokin gaba a kan doki, Matt Hardy na canza hali duk lokacin da aka dulmiya shi a ruwa. Wannan ya yi armashi domin bai ɓoye cewa abin dariya ba ne. A watan Yuni, a wani faɗa da aka yi da 'yan ninja a wurin ajiye motoci, aka ga wani dogo da fuska a rufe. Omos ne, haifaffen Legas, kafin a san shi da wannan suna. A Yuli aka kai Braun Strowman da Wyatt fadama, aka yi ta duhu da maciji, aka tashi ba a san wanda ya ci ba. Kafin shekara ta ƙare an fara gundura.

Dalilin gundurar ba boyayye ba ne. Yawancin waɗannan faɗa ne na yau da kullum aka sa masa kiɗa. Da zarar an shiga gonar fim, da finafinan faɗa na gaske za a auna ka, masu kuɗi da watannin shiri, kuma a nan reslin ba zai kai labari ba. Ya kuma saki abin da ya fi kowa iyawa. In Jeff Hardy ya diro daga tsani a gaban mutum dubu ashirin, kowa ya san sau ɗaya ne, babu katifa a ɓoye, babu a sake. In an yanka hoton, sai zuciya ta ce wataƙila akwai. Sannan gwanin ɗan wasa yana sauraron zaure ne yana sauya taku: in sun yi sanyi ya hanzarta, in sun ɗau zafi ya ja musu rai. A wasan da aka tace, mai tacewa ne ke yanke inda za ka ji tsoro da inda za ka yi murna, kiɗa na gaya maka abin da za ka ji. Iko ya tashi daga hannun dubbai ya koma hannun mutum biyu ko uku a ɗakin kwamfuta. Irin wannan musaya ba ta halatta sai in abin da za a samu ya kai abin da aka bayar. Ta halatta ga Undertaker. Ta halatta ga Sting, wanda ya ji ciwo a wuya a 2015 aka ɗauka ya gama, ya dawo yana da shekara 61 a watan Maris na 2021 ta wasan da aka ɗauka a wani tsohon sito tare da Darby Allin, daga nan ya samu ƙarfin gwiwar komawa dandamali. Ba ta halatta ga samari masu lafiya da za su iya yin abin a gaban jama'a ba.

Da aka buɗe filaye, WrestleMania na 2021 ya koma Tampa da 'yan kallo, salon ya ja baya da sauri. AEW ma da ya maimaita wasan filin ƙwallo a Mayun shekarar, a gaban jama'a ya ƙarasa shi. Abin da ya saura ya shige cikin jinin wasan ne ta wata hanya. A watannin da babu hayaniya, an gano ana jin maganar 'yan wasa a dandamali. Roman Reigns da ɗan'uwansa Jey Uso suka gina wasanninsu na Satumba da Oktoban 2020 a kan wannan: Reigns na duka yana neman a amsa cewa shi ne shugaban dangi, kyamara na kan fuskokinsu, har da hawaye. Labarin dangin nan ya riƙe kamfanin shekaru, kuma bayan dawowar jama'a ba a daina matso da kyamara da makirufo ba. Daga 2024 aka ƙara da doguwar ɗauka ba yankewa, kyamara na bin ɗan wasa daga bayan fage ko daga titi har cikin zaure. Dabarun fim ne, amma a gaban masu ihu.

Bray Wyatt, wanda sunansa na gaskiya Windham Rotunda, bai ga ƙarshen labarin da ya buɗe ba. Kamfanin ya sallame shi a Yulin 2021, ya dawo da shi a Oktoban 2022, ya rasu ran 24 ga Agustan 2023 yana da shekara 36. Ran 1 ga Maris na 2025, a Toronto, John Cena ya rungumi Cody Rhodes, ya kalli The Rock, sannan ya kai wa Rhodes mugun duka ya bar shi cikin jini. Abin da aka nuna cikin mafarki shekara biyar baya ya faru a gaban dubban mutane. A Afrilu Cena ya karɓi kambun duniya karo na 17 daga hannun Rhodes a Las Vegas. Sai dai shekararsa ce ta ban kwana, kuma a gari bayan gari jama'a suka ci gaba da sayen rigarsa suna kiran sunansa, yana zaginsu suna tafa masa. Ran 1 ga Agusta, kwana biyu kafin ya mayar wa Rhodes kambun a SummerSlam, ya fito ya ajiye halin muguntar, wata biyar bayan ya ɗauke shi.